Aikin Homon a Jikin Kabeji da Danginsa Lokacin Ƙunci: Nazari Dangane da Noman Rani a Ƙasar Rano da Kibiya

1.0 Gabatarwa

Makasudin wannan takarda shi ne mu yi bayanin yadda shukar kabeji da danginta suke gane cewa sun shiga ƙunci, da yadda labarin ƙuncin yake tafiya daga saiwa zuwa ganye ko daga wannan ganye zuwa wancan, da kuma matakin da shukar take ɗauka bayan labari ya isa. Da kalmar ƙunci muna nufin duk wani hali da ya saɓa wa bukatar shuka, kamar ƙishirwa, da tsananin zafi, da kwanciyar ruwa, da harin ƙwari ko cuta.

Abin da muke son tabbatarwa abu ɗaya ne. Duk lokacin da kabeji ya tashi kare kansa, to, da abincin da ya kamata ya ƙulla kai da shi yake biyan kuɗin kariyar. Saboda haka ribar mai lambu ta dogara ne a kan rage yawan lokutan da shukarsa za ta ga dalilin tsayar da girma domin ta tsira da ranta. Za mu gwada wannan magana da halin da ake noman kabeji a ƙasar Rano da Kibiya, a kudancin Jihar Kano.

2.0 Dangin Kabeji da Muhallin da Muke Nomansa

Kabeji ɗaya ne daga cikin wani babban dangi na tsirrai wanda ya ƙunshi ire-ire fiye da 3,500. Shi da farin kabeji da burokoli duk jinsi ɗaya ne, wanda masana suke kira Brassica oleracea, zaɓen manoma ne ya bambanta siffarsu. Bahaushe kuwa ya daɗe da sanin wani ɗan wannan dangi kafin zuwan kabeji, watau lansir, wanda ake kwaɗantawa da ƙuli-ƙuli. Zogale da gasaya da gwanda ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne da kabeji, amma dangi ne na kusa, kuma suna da irin sinadarin da yake ba lansir yajinsa.

Akwai kuma wata 'yar ciyawa a dangin mai suna Arabidopsis thaliana, wadda takan kammala rayuwarta cikin kimanin mako 6. Ita ce tsiro na farko da aka karance dukan ƙwayoyin gadonsa, a shekarar 2000, na kabeji kuwa sai a 2014. Mafi yawan abin da za mu faɗa game da hanyoyin saƙo a jikinta aka fara gano shi, kuma kusancinta da kabeji shi ya sa ake iya ɗaukar darasi daga gare ta.

Asalin kabeji ƙasashen Turai ne da na bakin Bahar Rum. Bisa ƙiyasin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya fi son matsakaicin zafi na kimanin digiri 17 a ma'aunin Salshiyas, kada na rana ya wuce wajen 24, kuma yana bukatar ruwa milimita 380 zuwa 500 daga dashe zuwa girbi. Saiwarsa ba ta nisa, yawancinta a rabin mita na saman ƙasa take.

To, idan muka dubi namu muhallin za mu ga baƙo ne muke riƙo. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kuma jawo ruwa ta Ruwan Kanya zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya bunƙasa a wannan yanki. Waɗanda suke nesa da magudana, a fadamun Rano da Kibiya, suna dogara ne da rafuka da rijiyoyi da injin ban ruwa. A daren Disamba da Janairu zafi yakan sauko zuwa wajen digiri 12 zuwa 15, amma da rana yakan kai wajen 30, a Maris da Afrilu kuwa yakan doshi 40. Ke nan ko a tsakiyar hunturu kabeji bai rabu da ƙunci ba, da bazara kuma abin ya fi ƙarfin yawancin ire-irensa.

3.0 Ma'anar Homon

Kalmar homon daga Girkanci take, ma'anarta abin da yake zaburarwa, kuma Ernest Starling ne ya fara amfani da ita a Ingila a 1905 dangane da jikin dabba. A tsirrai, homon sinadari ne da ake yi ɗan kaɗan ƙwarai, amma yana iya sauya aikin gaɓa sukutum. Shuka ba ta da jijiyar kai saƙo irin ta dabba, ba ta kuma iya barin inda take, don haka waɗannan sinadarai su ne 'yan aikenta.

Tarihin gano su ya faro daga Charles Darwin da ɗansa Francis, waɗanda suka nuna a 1880 cewa ƙarshen tsiro ne yake ganin haske, sa'an nan ya aika wani abu ƙasa wanda yake sa kara ya karkata. Wannan abu shi aka kira oksin daga baya. Bayansa aka gano jibaralin a Jafan, da saitokinin a Amurka a 1955. Waɗannan uku galibi na girma ne. Na huɗunsu, burasinolayid, daga garin furen wani ɗan dangin kabeji aka fara tace shi a 1979, daga nan ma ya samo sunansa. Na ƙunci kuwa, waɗanda su ne jigon wannan takarda, su ne asid absisik, wanda ake taƙaitawa da ABA, da itilin, da jasmonet, da asid salisilik.

Kowane homon yana da makarɓinsa, watau wani furotin da ya dace da shi kamar yadda makulli yake dacewa da kuba. Wani abin lura shi ne, a yawancin hanyoyin akwai wani furotin na daban wanda yake danne martanin shuka muddin lafiya ake. Idan homon ya haɗu da makarɓinsa sai a kawar da mai dannewar, martani ya tashi nan take. Watau shuka a shirye take kullum, sakin linzami kawai take jira.

4.0 Ƙishirwa da Aikin ABA

A bayan kowane ganye akwai dubban ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Ta nan iskar kabon take shiga domin haɗa abinci da hasken rana, ta nan kuma ruwa yake fita. Kowace ƙofa tana tsakanin ƙwayoyin halitta biyu masu gadi. Idan suka cika da ruwa sai su bankare, ƙofa ta buɗe, idan suka saki sai ta rufe.

An gano ABA a 1963, sa'an nan a 1969 Wright da Hiron suka nuna a Ingila cewa yana ƙaruwa ninki da yawa a ganyen alkama da ya fara yaushi. Makarɓinsa kuwa sai a 2009 aka same shi, a binciken da aka yi a Kalifoniya da kuma Jamus. Ga yadda abin yake tafiya. Ƙasa ta bushe, sai ƙarfin ruwa a cikin kara ya ragu, saiwa kuma ta aika nata saƙon. A 2018 masana a Jafan sun gano wani ɗan guntun furotin da saiwa take turawa sama domin ya sa ganye ya haɗa ABA. ABA ya kama makarɓinsa, makarɓi ya daƙile mai dannewa, sai hanyoyi su buɗe a jikin masu gadi, fotasiyam da sauran gishirai su fita, ruwa ya bi su, ƙofa ta rufe. Duk wannan cikin mintoci yake faruwa.

Ruwa ya tsira, amma iskar kabon ma ba ta shiga, haɗa abinci ya tsaya. Daɗin daɗawa, ABA yana rage faɗaɗar ganye, yana ba saiwa fifiko a kan kara. Ga hatsi irin gero wannan dabara ce mai kyau, domin ya jira ruwa ya ci gaba. Ga kabeji kuwa, wanda ganyen shi ne hajar, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, kowace ranar da aka wuni ƙofofi a rufe ragi ce a sikeli. Kuma ƙofofin sukan fara rufewa tun kafin ido ya ga yaushi, sukan kuma ɗauki kwanaki kafin su koma buɗewa sosai bayan an ba da ruwa. Mai lambun da yake jira sai ya ga ganye ya langaɓe kafin ya tayar da inji, ya riga ya makara.

Illa ta biyu tana zuwa ne idan aka kwarara ruwa da yawa bayan doguwar ƙishirwa. Ganyen ciki yakan sha ruwa ya kumbura da sauri, na waje kuwa ya riga ya ƙage, sai kan ya tsage. Kabejin da ya tsage ba ya jure tafiya, ba ya kuma daraja a hannun dillali.

5.0 Zafi

Zafi yana jefa shuka cikin tsaka mai wuya. Hanyar da ganye yake sanyaya kansa ita ce fitar da ruwa, ke nan zafi yana bukatar a buɗe ƙofa, ƙishirwa tana bukatar a rufe. Idan suka haɗu, kamar yadda yake faruwa a Maris lokacin da rijiyoyin fadama suke ja baya, galibi umarnin ABA ne yake rinjaye, sai ganye ya yi zafi fiye da iskar da take kewaye da shi. An nuna a Arabidopsis a 2004 cewa martanin shuka ga haɗuwar waɗannan biyu daban yake da martaninta ga kowannensu shi kaɗai.

Har ila yau an nuna a wannan ciyawa cewa ɗumi yana ƙara yawan oksin, ya sa kara da hannuwan ganye su miƙe, ganyaye su nisanci juna domin iska ta ratsa. Wannan ya yi daidai da abin da ake gani a kabejin bazara, wanda kansa yakan zo sako-sako ba nauyi, alhali ƙulla kai yana bukatar ganye ya naɗe a kan ganye.

Akwai kuma ƙonewar bakin ganyen ciki, wadda sau da yawa ba a ganinta sai an yanka. Ƙarancin kalsiyam ne yake kawo ta, ko da kuwa akwai shi a ƙasa. Kalsiyam ruwa yake bi, ruwa kuma yana tafiya ne inda ake fitar da shi, watau ganyen waje. Ganyen da yake naɗe a ciki yana samun rabonsa ne da dare, lokacin da saiwa take tura ruwa sama da ƙarfinta. Idan ƙasa ta kwana a bushe, wannan turi ba ya samuwa. Yawan takin yuriya ma yana ƙara matsalar, domin yana sa girma ya fi isar kalsiyam sauri.

6.0 Kwanciyar Ruwa da Aikin Itilin

Itilin iska ce. Wani ɗalibi a Rasha mai suna Neljubow ne ya gano tasirinta a kan tsirrai a 1901. Idan ruwa ya kwanta a komi saiwa takan rasa iskar numfashi. Daga nan sai ta haɗa wani sinadari da ake kira ACC, ta tura shi sama, a ganye ya rikiɗa ya zama itilin, kamar yadda Bradford da Yang suka nuna a tumatir a 1980. Sakamakon haka ganye yakan sunkuya, na ƙasa ya yi rawaya ya zube. Wani abin mamaki, ƙofofin ganye ma sukan rufe, domin saiwar da ta shaƙe ba ta iya jan ruwa. Don haka shukar da ruwa ya yi wa yawa tana kama da mai jin ƙishirwa, wanda bai lura ba sai ya ƙara mata ruwa. Wannan haɗari ya fi yawa a ƙasar laka ta fadama da filayen da magudanan fitar da ruwa suka toshe.

Aikin itilin bai ƙare da girbi ba. Tumatir da ayaba da mangwaro suna fitar da itilin mai yawa idan sun nuna, kabeji kuwa yana cikin masu saurin jin ta. Idan aka loda su mota ɗaya aka rufe da tamfol zuwa kasuwar 'Yankaba ko zuwa kudancin ƙasa, ganyen kabeji yakan yi rawaya ya saki, sai an ɓare an zubar kafin a sayar.

7.0 Ƙwari da Cuta

Makamin dangin kabeji sinadari ne mai suna gulukosinolet, wanda aka ajiye a ɓangare guda na ganye, aka kuma ajiye abin kunna shi, watau mairosines, a wani ɓangaren. Idan haƙori ko bakin tsutsa ya farfasa ganye sai su haɗu, man yaji ya fito. Wanda ya taɓa tauna lansir ya ɗanɗani wannan makami.

Jasmonet shi ne mai ba da umarnin a ƙara makamin. A 2018 an ɗauki hoton yadda saƙo yake fita daga inda tsutsa ta ciza, ya bi jijiyoyin ganye da saurin kimanin milimita 1 a daƙiƙa, ya isa ganyayen da ba a taɓa ba cikin minti ɗaya ko biyu, can ma jasmonet ya tashi. Sa'an nan a kawar da masu dannewa, waɗanda aka gano a 2007, shuka ta shiga haɗa gulukosinolet, ta kuma saki ƙamshin da yake janyo wasu ƙananan zanzaro masu saka ƙwai a jikin tsutsa. An kuma gano cewa hanyar jasmonet da ta jibaralin a ɗaure suke da juna, idan ta kariya ta hau sai ta girma ta sauka.

Amma wasu ƙwari sun san maganin makamin. Babbar abokiyar gabar kabeji a duniya ita ce 'yar tsutsar Plutella xylostella, mai mayar da ganye kamar rariya. A 2002 masana a Jamus sun nuna cewa tana da wani sinadari a cikinta wanda yake kwance gulukosinolet kafin ya kunnu, uwarta ma da ƙamshinsa take gane inda za ta saka ƙwai. Ita ce kuma ta fara gagarar maganin DDT a cikin ƙwarin amfanin gona, a tsibirin Jawa a 1953. Feshin maganin da yake kashe kowa da kowa yakan hallaka zanzaron nan ya bar ta, sai ta dawo fiye da da.

Wata tsutsar, Hellula undalis, kan tsiro take ci tun shuka tana ƙarama. Kan tsiro shi ne mafitar oksin da yake hana idanun gefe tohowa. Idan ya mutu sai su toho gaba ɗaya, a sami ƙananan kawuna uku ko huɗu waɗanda ba mai saye.

Game da cuta, asid salisilik ne yake jagorancin kariya daga yawancin ƙwayoyin bakteriya, kuma sau da yawa shi da jasmonet suna rage wa juna ƙarfi. Cutar baƙar ruɓa, mai farawa da rawaya daga bakin ganye ta tsuke zuwa ciki, ta bakin ganyen take shiga, ta hudojin da shuka take fitar da ɗigon ruwa da asuba. Iri yana ɗaukarta, fantsamar ruwa tana yaɗa ta, zafi da laima suna ƙarfafa ta.

8.0 Dalilin Sayen Iri Kowace Shekara

Kabeji ba ya fure sai ya girma, sa'an nan ya sha makonni cikin sanyin da bai wuce wajen digiri 10 ba. Akwai wata ƙwayar gado mai suna FLC, wadda aka bayyana a 1999, mai hana fure har sai dogon sanyi ya kashe muryarta, bayan haka jibaralin ya miƙar da kara. Sanyin hunturunmu na 'yan sa'o'in dare ne, zafin rana yana warware shi. Wannan alheri ne ta wajen cewa kabejinmu ba ya ɓata ƙarfinsa a fure, amma shi ya sa mai lambu ba ya iya ajiye irin kansa kamar yadda yake yi da lansir, tilas ya sayi irin waje, kamar Copenhagen Market ko Gloria.

9.0 Shawarwari

Daga bayanan da suka gabata muna ba da waɗannan shawarwari ga malaman gona da masu koyar da su.

Na farko, lokaci. A yi rainon iri a Oktoba a dasa a Nuwamba, domin ƙulla kai ya faɗo a Disamba da Janairu. Wanda jiran girbin shinkafa ko dawa ya kai shi Janairu bai dasa ba, ya nemi iri mai jure zafi kuma mai saurin isa.

Na biyu, ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi mai yawa jefi-jefi, musamman daga fara ƙulla kai. A tona ƙasa da yatsa a duba laima maimakon a jira yaushi, a rufe gindi da ciyawa ko ƙaiƙayi, a kuma dasa a kan kunya inda ruwa yake kwanciya.

Na uku, a duba gona kafin a yi feshi, a riƙa sauya jinsin magani, a fifita wanda ba ya kashe zanzaro, a kuma huta da shuka dangin kabeji a fili ɗaya har shekara 3 idan baƙar ruɓa ta bayyana.

Na huɗu, maganin ciyawa na 2,4-D da ake fesa wa shinkafa oksin ne na masana'anta. Ɗan abin da ya saura a tankin feshi ya isa ya murɗe ganyen kabeji, don haka a ware masa tankinsa daban.

Na biyar, kada a haɗa kabeji da nunannun 'ya'yan itace a rufaffen wuri.

10.0 Kammalawa

Mun ga cewa yaushi da rawaya da tsagewa da sakin kai duk suna da hanyar da suke bi a jikin shuka, kuma a kowace hanya akwai homon da yake karkatar da abinci daga girma zuwa kariya. Yawancin waɗannan hanyoyi a ɗakunan bincike na ƙasashen sanyi aka gano su. Abin da ya rage gare mu shi ne a auna su a namu yanayin, a gwada ranakun dashe da tazarar ban ruwa da ire-iren iri a fadamun Rano da Kibiya. Tashar binciken noman rani ta Cibiyar Samaru da take Kadawa, da reshen cibiyar binciken kayan lambu na Bagauda, suna kusa da waɗannan manoma. Kwalejojin ilimi kuma suna iya farawa da komi biyu na lansir a lambun makaranta, ɗaya a ba shi ruwa kullum, ɗaya a yi masa jinkiri, ɗalibai su auna tsawo da nauyi da kansu, su kuma yi bayanin abin da suka gani da Hausa.